Kaskon da Ba Ya Tsoron Wuta, Sanyi Ke Fasa Shi

Kawuna maƙerin zinariya ne a Aboabo, nan Kumasi. Tun ina ƙarami akwai abin da yake yi idan yana son ya burge baƙo. Sai ya ɗora ɗan farin kaskon da yake narka zinariya a ciki kan bulo, ya sakar masa harshen wutar gas har ya yi ja wur kamar garwashi, ya kama shi da awartaki ya tsoma cikin bokitin ruwa. Ruwan ya yi cuu, tururi ya tashi, kasko ya fito lafiya lau, ko tsaga babu. Kofin gilashi ko tukunyar ƙasa ta Pankrono aka yi wa haka, sai dai a share ɓaraguzai.

Bara da damina, kasko uku suka mutu masa cikin wata biyu, kuma babu wanda ya fashe a kan wuta. Yakan tashi daga aiki da yamma ya bar kasko a kan bulo, da safe ya tarar cikinsa ya tsattsage kamar faso a dunduniya, bakinsa yana ɓarɓashi idan ka murza da yatsa. Ya kira ni.

"Kai da ka yi karatun ƙarfe da ƙasa a jami'ar Tek, zo ka warware mini. Mai sayarwa ya ce kaskon nan yana ɗaukar digiri 1600. Zinariya a 1064 take narkewa. Ina sauran 500 ɗin suka shiga?"

Na ce, "Kawu, zafin bai kashe su ba. Hucewar ce ta kashe su."

Ya dube ni kamar na yi saɓo. To amma gaskiyar ke nan, kuma ita ce ta sa na zauna rubuta wannan, domin kuskuren da ya yi wa kaskonsa shi ne wanda ake yi wa wannan abu ko'ina. Ana tambayar digiri nawa yake ɗauka, alhali abin tambaya shi ne sau nawa zai yi zafi ya huce, kuma me zai taɓa shi yana cikin zafin.

Kaskon an yi shi ne da narkakkiyar silika. Silika ita ce asalin farin yashi, ita ce kuma farin dutsen nan mai ƙyalli da ake kira kwaz, wanda jijiyoyin zinariya ke bi ta cikinsa a Obuasi da Konongo. A cikin dutsen, ƙwayoyin zarra na silikon da iskar oksijin suna tsaye a jere, kowa da wurinsa, kamar sahun masallata ranar Juma'a. Idan aka narka dutsen da zafin da ya haura digiri 1700 a ma'aunin Salshiyas, sahun ya watse. In aka bar shi ya daskare da sauri, ba su samun damar komawa sahu. Suna nan riƙe da hannun juna, amma a cakuɗe, kamar a ce cincirindon kasuwar Kejetia ya sandare wuri guda. Wannan cakuɗaɗɗen abu shi ne gilashin silika.

Gilashin kwalba ma da yashi ake yinsa, sai dai an zuba masa soda da farar ƙasa don ya narke da wuri. Masu gilashin Masaga a Bida sun daɗe da sanin wannan sirri: yashi shi kaɗai murhunsu ba zai iya da shi ba, amma in an haɗa shi da kanwa sai ya sallama. A riƙe wannan batu na kanwa, za mu dawo kansa. Narka silika zalla kuwa, ba tare da wani gauraye ba, sai a 1899 wani masani, Richard Küch, a kamfanin Heraeus na garin Hanau a Jamus, ya iya fitar da ita garau babu kumfa, da harshen wutar haidirojin da oksijin. A 1934 kuma J. Franklin Hyde na kamfanin Corning a Amurka ya gano hanyar haɗa ta daga tururin sinadari, ba daga dutse ba. Irin tasa hanyar ce ta share fagen zaren gilashin da intanet ke bi a yau.

Abin da ya sa kasko ke shiga ruwa da jansa ya fito ƙalau shi ne silikar nan ba ta miƙewa da zafi sai ɗan abin da ba a rasa ba. Sandar ƙarfe mai tsawon mita 1, ka ƙara mata zafi da digiri 500, za ta ƙaru da milimita 6 ko fiye. Gilashin kwalba zai ƙaru da wajen milimita 4 da rabi. Silika ba za ta kai sulusin milimita ba. Abin da ke fasa kofi idan an zuba masa tafasasshen ruwa shi ne cikinsa yana son miƙewa, bayansa bai ji zafin ba tukuna, sai jayayya ta tashi tsakaninsu. Inda babu miƙewa, babu jayayya.

Sai dai kaskon Kawu ba garau yake kamar gilashi ba, fari ne kamar alli. Dalili kuwa, narka babban abu gaba ɗaya a 1700 tsada ne da wahala, don haka ake bin hanyar magina tukwane. A niƙe gilashin silika ya zama gari, a dama da ruwa kamar koko, a zuba a mazubin filasta ya tsotse ruwan, a shanya, sa'annan a gasa a wajen digiri 1150 zuwa 1250 har ƙwayoyin garin su manne da juna. Masu bincike a Cibiyar Fasaha ta Jojiya a Amurka ne suka inganta wannan hanya daga ƙarshen shekarun 1950, suna neman abin da za a rufe hancin roka da shi, wanda zai jure zafi kuma ya bar saƙon rada ya wuce. Abin da ke fitowa shi ne tangaran na silika. Yana da arha, ana iya yinsa da girma, ba ya ba zafi hanya. Amma kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na jikinsa ƙananan kafofi ne, yana shan ruwa kamar sabuwar randa, kuma ƙarfinsa bai taka kara ya karya ba. Duk maganar ƙarfafa shi daga nan ta samo tushe.

Mai karatu zai ce ai an san yadda ake ƙarfafa gilashi. Gilashin mota da na manyan benayen Accra ana gasa su zuwa wajen digiri 650 a hura musu iska mai sanyi, fatar ta daskare da wuri, cikin ya zo yana tsukewa daga baya ya ɗaure fatar tamau. Gilashin waya kuma ana tsoma shi a narkakken gishirin fotasiyam, manyan ƙwayoyi su kori ƙananan na sodiyam su cushe fatar. Duka biyun ba sa ci a kan silika. Ta farko tana buƙatar abu mai miƙewa da tsukewa, silika kuwa ba ta yi. Ta biyu tana buƙatar sodiyam a jikin gilashin, silika kuwa ba ta da shi. Baiwar da ta sa ake sonta ita ce ta toshe hanyoyin. Wani abin sha'awa, naɗaɗɗun sandunan da ke tura faifan gilashi cikin murhun gasa shi, da wannan tangaran na silika ake yinsu, saboda ba sa lanƙwasa a wannan zafin.

Yanzu ga maƙiyin. Cincirindon nan da ya sandare, ba da son ransa yake a cakuɗe ba. Da zarar zafi ya kai wajen digiri 1100 ya kuma daɗe, ƙwayoyin suna samun ɗan motsi, sai su fara komawa sahu, daga fata zuwa ciki. Sahun da suke yi ba irin na kwaz ba ne, wani ne da ake kira kiristobalayit, sunan da ya samo daga wani tsauni, San Kiristobal, a ƙasar Meziko. Muddin ana cikin zafi, wannan sabon sahu ba ya cutar da komai, don wurin da yake ci kusan daidai yake da na gilashin da ya fito daga ciki. Ƙarin tauri ma yake yi wa abin. Matsalar tana jira a hanyar saukowa. Idan zafi ya sauko tsakanin digiri 270 da 200, sahun kan matse kansa farat ɗaya, ya rage girma da kusan kashi 5 cikin 100. Gilashin da ke maƙale da shi bai motsa ba. Fata ta tsuke, jiki ya ƙi bi, sai tsaga. Gobe a mayar da shi wuta, sahun ya sake buɗewa, ya ƙara kauri, ya huce ya sake tsukewa, tsagar ta ƙara nitsawa. Wato kaskon da ya tsallake digiri 1100 lafiya, a zafin da bai fi na tanderun burodi ba yake mutuwa, cikin dare, ba kowa a shago.

Lambar 1600 da mai sayarwa ya faɗa ba ƙarya ba ce tsagwaronta. Wajen nan ne silika ke yin laushi sosai. Amma masu ƙera ta da kansu ba sa ba da shawarar a daɗe da ita sama da wajen 1100, in an matsa a taɓa 1300 na ɗan lokaci.

Kawu ya ce, "To ai wutata ba ta wuce hakan da yawa ba, kuma minti nawa nake yi?"

Nan ne batun kanwa ya dawo. Silika mai tsabta tana jinkirin komawa sahu ƙwarai. Abin da ke zuga ta shi ne sodiyam, fotasiyam da kalsiyam: gishiri, kanwa, toka, farar ƙasa, gumin hannu. Waɗannan suna tsinka riƙon da ke tsakanin ƙwayoyin, su ba su sakewa, sai sahu ya fara a zafin da bai kai ba, da saurin da bai kamata ba. Duk wanda ya taɓa zama wurin masu wutar mota a Magazin ta Suame ya ji masta yana daka wa yaro tsawa kada ya kama ƙwan fitilar halojin da hannu. Yaron yana ɗauka camfi ne. Da yawa daga cikin ƙwayayen nan gilashin silika ne, kuma zanen yatsa ɗaya ya isa ya bar gishiri da maiƙo a jiki. Fitila ta yi zafi, wurin ya yi fari kamar hakiya, wata rana ya fashe. Shi ya sa ake kama shi da takarda, in an kuskure an taɓa a goge da sifirit.

Kawu kuwa, hannunsa na gumi shi ne ƙaramin laifi. Babban shi ne boras. Kowane maƙerin zinariya yana barbaɗa wa sabon kasko boras ya narka shi ya lulluɓe cikin, don kada zinariya ta shige kafofin ta maƙale, kuma don ya kwashe dattin da ke kanta. Wannan daidai ne, ba makawa. Amma boras gishirin sodiyam ne, yana narkewa a wajen digiri 740, kuma narkakkensa yana cin silika kamar yadda kanwar Bida ke cin yashi. Ɗan kaɗan yana toshe kafofi. Cokali guda a kowane narki, yadda Kawu ya koma yi da ya fara karɓar gurɓatacciyar zinariya, yana zaizaye bangon, yana kai sodiyam can ciki, ya kuma bar wata fata mai miƙewa da tsukewa a kan jikin da ba ya motsi. Ga damina ta Kumasi: kasko ya kwana yana shan raɓa, da safe a sakar masa wuta gaba ɗaya, ruwan da ke cikin kafofi ya zama tururi ya nemi hanyar fita.

Masana'antu ma da wannan jayayya suke kwana suke tashi, tun daga wurin gashi. Ka gasa tangaran ɗin da sauƙi, ƙwayoyi ba su manne sosai ba, ya fito da rauni. Ka ƙara wuta ko ka ƙara awoyi, ya manne da kyau amma kiristobalayit ya tsiro, ya tsattsage tun kafin ya bar murhu. Tsakanin biyun ƙofa ce ƙunƙunta, gaba kura baya sayaki. Dabara ta farko ita ce a rage wa wuta aiki tun daga damu. Ka cika kwano da goro, ka ga ya cika, amma ka zuba gero zai shige, ka zuba gari ma zai samu wuri. Haka ake gauraya manyan ƙwayoyi da matsakaita da masu laushi, don abin ya cushe tun yana ɗanye, gashi kaɗan ya ishe shi. Kuma ana niƙa garin da duwatsun silika a tukunyar da aka shafe da silika, da tataccen ruwa, saboda abin da dutsen niƙa ya zubar a ciki ma gauraye ne.

Bayan gashi sai a shayar da shi. Ana tsoma abin cikin ruwan da ke ɗauke da ƙwayoyin silika ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani, a zuƙe iskar kafofin don ruwan ya shige, a shanya, a ɗan gasa, a maimaita sau da yawa. Kowane zagaye yana rage kafofi ya ƙara ƙarfi ba tare da an kai zafin da ke tayar da maƙiyi ba. Ni wannan ce dabarar da ta fi burge ni, don ba ta kawo baƙon abu cikin jiki, silika ce ake yi wa ciko da silika. Inda danshi ne abin tsoro, sai a bi fatar da wani ƙaro na silikon mai korar ruwa, kamar yadda maginan Kano ke shafe katanga da makuba. Wuta tana cinye wannan shafi, dole a riƙa sabunta shi.

Akwai kuma gauraye na ganganci, kuma kowanne da kuɗinsa. Sinadarin boron yana sa ƙwayoyi su manne a ƙaramin zafi, yana kuma danne kiristobalayit, amma yana sa abin ya yi laushi da wuri. Garin silikon naitirayid ana sa shi don ya jinkirta sahun. Garin zarkon ba ya shiga harkar kowa, yana zaune ne kamar tsakuwa cikin kankare ya hana jiki saɓulewa idan zafi ya yi tsanani. Taitaniya kuwa, wato haɗin ƙarfen taitaniyam da oksijin, wajen kashi 7 cikin 100, tana sauko da miƙewar har kusan babu, kuma da irin wannan gilashi aka yi madubin na'urar hangen taurari ta Hubble mai faɗin mita 2.4. Ruwa ma gauraye ne. Silikar da aka haɗa da harshen wuta ta fi kowace tsabta, amma tana riƙe da ɓurɓushin ruwa a jikinta har wajen kashi 1000 cikin miliyan, kuma wannan yana sa ta saki jiki a zafi kafin wadda aka narka da lantarki daga dutse. Wadda ta fi tsada ba lallai ta fi jure wuta ba.

Duk wannan bai taɓa ainihin raunin ba, wato gautsi. A 1921 wani injiniya a Ingila, A. A. Griffith, ya nuna cewa gilashi ba ya karyewa don riƙonsa ba shi da ƙarfi, yana karyewa ne daga ƙananan tsagogin da ke fatarsa. Mai yadi a Kejetia ya san wannan: atamfa ba ta yaguwa da ja, amma ya ɗan ɗana almakashi a baki, sai ta tafi fyaat har ƙarshe. Sabon zaren silika da bai taɓa gogar komai ba yana iya ɗaukar ninki ɗari na abin da sandar silika ta yau da kullum ke ɗauka. Shi ya sa ake gyaran fata: a bi ta da harshen wuta ko hasken leza ta narke ta shafe tsagogin, ko a wanke ta da asid mai cin gilashi ya dakushe bakinsu. Asid ɗin nan, na haidirofulorik, yana ratsa fata ya kai ƙashi, yana kisa, kuma ba abin da za a kawo shago ba ne ko da wasa.

Hanya ta biyu ita ce a yarda tsaga za ta zo, a tare mata gaba. Maginin ƙasa yana tattaka ciyawa cikin laka don in bango ya tsage, ciyawar ta riƙe. Haka ake saƙa zaren silika kamar tabarma, a shayar da shi da ruwan silika har ya zama jiki guda. Tsaga ta taso ta ci karo da zare, ta kauce, ta gaji. Sharaɗin shi ne kada zaren ya manne da jikin ƙwarai, sai ya iya ɗan zamewa. In wuta ta yi yawa suka narke suka zama abu ɗaya, an koma gidan jiya.

Babban misalin aikin zare shi ne tayil ɗin jirgin sama jannatin Amurka mai zuwa ya dawo. An yi su da zaren silika mai tsabta ƙwarai, fiye da kashi 90 cikin 100 na jikinsu iska ce, nauyin mita ɗaya ta kowace fuska kilo 144 kacal, alhali gilashin silika cikakke kilo 2200 ne. Baƙaƙen da ke ƙarƙashin jirgin an lulluɓe su da gilashi mai boron, suna jure har digiri 1260. Amma da aka ɗauko jirgin Kolumbiya daga Kalifoniya zuwa Fulorida a watan Maris 1979, aikin tayil bai kammala ba, kuma gwaji ya nuna dubbai daga cikinsu za su iya ɓallewa daga gindi. Maganin da aka samu shi ne shayarwar nan: aka cika gindin tayil ɗin da ruwan silika ya yi tauri. Jirgin bai tashi ba sai 12 ga Afrilu 1981. Daga baya aka riƙa gauraya wani zare mai alumina da boron don ya ɗaure sauran. Kuma bayan kowace tafiya sai an bi tayil ɗin an ɗura musu maganin korar ruwa, saboda ruwan sama da suka sha nauyi ne kuma haɗari ne. Damuwarsu da ta Kawu a damina ɗaya ce.

Sai wurin da labarin ya juya, inda ya fi nuna abin da nake son a gane. Akwai masu kiran kiristobalayit da kansu. Silikon ɗin da ake yin allon sola da shi yana narkewa a digiri 1414, kuma a tukunyar gilashin silika ake narka shi, a riƙa jawo sanda ɗaya daga ciki kwana da kwanaki. A wannan zafi bangon tukunyar yana laushi, yana son ya zauna. Sai masu yinta su shafa mata sinadarin bariyam don fatar ta koma kiristobalayit bai ɗaya, ta zama ƙashin da ke riƙe ta. Sun san za ta tsage ranar da ta huce. Ba su damu ba, domin sau ɗaya za ta huce, kuma ranar aikinta ya ƙare. Dutsen da ake yin waɗannan tukwane da shi sai mai tsabtar gaske, kuma kaso mai yawa daga wani ƙaramin gari yake fitowa, Spruce Pine a jihar Karolina ta Arewa. Da guguwar Helene ta dakatar da haƙa a can a watan Satumba 2024, hankalin masana'antar sola ta duniya sai da ya tashi.

Misali na biyu yana da dangi a kusa da mu. A Krofofrom masu zubin tagulla suna sassaƙa siffa da kakin zuma, su lulluɓe ta da yumɓu da garin gawayi, su narkar da kakin ya fita, su zuba tagulla a gurbinsa. In ana son cikin abin ya zama rami, sai a gina kakin a kan dunƙulen ƙasa, a farfasa ƙasar a fitar daga baya. Da wannan hanya ake zuba fukafukan injin jirgin sama da na injinan wuta masu aiki da gas, irin waɗanda ke Aboadze da Anwomaso. Cikin kowane fiffike akwai siraran hanyoyin iska masu sanyaya shi, kuma dunƙulen da ke barin gurbinsu yawanci silika ce da zarkon. Za a zuba masa narkakken ƙarfen nikel mai zafin wajen digiri 1500, dole ya tsaya cak. Don haka ake barin kiristobalayit ya fito daidai gwargwado: in ya yi kaɗan dunƙulen ya lanƙwashe, in ya yi yawa ya karye a hannu tun kafin zubi. Idan ƙarfe ya daskare, sai a dafa shi a ruwan soda mai ci, irin ta masu sabulu, ta narkar da silikar ta bar ƙarfen. Raunin silika a gaban soda, wanda ke kashe kaskon Kawu, shi ne dalilin zaɓenta a nan.

To wanda murhunsa zai zauna da zafi wata da watanni, kada ya taɓa sauka ƙasa da digiri 300, kiristobalayit abokinsa ne. Wanda yake hura wuta da safe ya kashe da yamma, maƙiyinsa ne. Kuma a ƙasar da dumso, wato ɗaukewar wuta, ke iya kashe murhun lantarki ba sallama, duk mai shirin kafa aikin da ya dogara da bututu ko tukunyar silika mai zama da zafi, sai ya sa kuɗin janareta cikin kuɗin tukunyar.

Ga masu zubin tukwanen dadesan a zango, gargaɗi ne daban. Sanholo a digiri 660 yake narkewa, ƙasa ƙwarai da inda sahu ke farawa, sai mutum ya ɗauka silika ta fi ƙarfinsa. Amma narkakken sanholo yana ƙwace oksijin daga silika, ya mayar da bangon alumina, ya saki silikon cikin narkin. A masana'antu sai an sa wa silikar abin da zai hana sanholo kama ta, kamar bariyam salfet ko shafin boron naitirayid.

Ina jin masu cewa tunda Allah Ya ba mu farin yashi, har an gina masana'antar gilashi a Aboso kusa da Tarkwa tun zamanin Nkrumah, me zai hana mu yi namu kasko. Ina tare da su a buri, amma yashin da ya isa yin kwalba bai isa wannan ba, na bakin teku kuwa da gishirinsa da ɓawon katantanwarsa guba ne gare shi. Abin da nake ganin za mu iya yau, kuma ya fi gaggawa, shi ne awo. Ido ba ya ganin yawan kiristobalayit a cikin kasko, sai na'urar eksire ta ɗakin bincike. Da sashen nazarin kayan ƙira na Tek ko cibiyar binciken gini da hanyoyi ta Fumesua za su riƙa karɓar kaskon da ake shigowa da shi su gwada, su faɗa wa maƙera wanne ne ya zo da ciwonsa tun daga murhu, da an rage asarar da ake ɗora wa ƙaddara. Sannan a gaya wa mutane cewa ƙurar mataccen kasko ba ta alli ba ce. Kiristobalayit yana cikin ƙurar da ke daskarar da huhu, irin ciwon da ke kama masu fasa dutse, kuma tun 1997 hukumar binciken sankara ta duniya ta sa shi cikin abubuwan da ke jawo sankara. Na sha ganin yara suna kankare tsohon kasko a bushe suna neman ɓurɓushin zinariya, fuskarsu fari fat. A jiƙa shi tukuna, a rufe hanci.

Da Kawu muka zauna muka sake tsari. Boras sau ɗaya ake lulluɓe sabon kasko da shi, siriri, bayan haka sai ɗan tsunkule. Gurɓatacciyar zinariya mai cin boras da yawa ta koma tukunyar girafayit, baƙin abin nan na cikin fensir. Kasko yana kwana a rufe, da safe a ɗumama shi daga nesa kafin a matso da wuta, kuma da awartaki ake ɗaukarsa ko yana sanyi. Da zinariya ta narke ta yi ido, a zuba, ba a tsayawa hira wuta na ci. Na gaya masa barin kasko ya huce a hankali yana ragewa amma ba ya hanawa, don in sahun ya riga ya yi kauri, sai ya tsuke ko da kwana zai yi yana saukowa. Wanda bakinsa ya fara ɓarɓashi, a sallame shi kafin ya zubar da zinariyar mutane.

Wasan bokitin ruwa yana nan. Sai dai yanzu ya ware masa kasko guda da bai taɓa ganin boras ba, yana ajiye shi cikin gwangwanin Milo a saman kanta, kuma ya hana yaran shago taɓa shi.